Takardar Sukari

A Kusuri nake dafa shayi,
gindin dalbejiya, daura da tashar 'yan babur,
inda hanya ta miƙe zuwa gada.
Ban yi boko ba, tebur ne malamina:
gwangwanin madara kofi nawa zai haifa,
gawayin dala arba'in ina zai kai ni.

Wata Talata aka zo da takarda
mai tambari, mai sa hannu,
aka manna a ƙofar shagon Alhaji Jidda.
Wani ɗan makaranta ya fassara mana:
daga yau kilon sukari kaza ne, ba ƙari.
Muka yi tafi.
Har na ba Tanimu kofi kyauta,
na ce yau an tuna da talaka.

Alhaji Jidda bai ce uffan ba.
Ya ja carbi, ya dubi buhunansa,
waɗanda ya biya wa mota tun daga Garwa,
suka ratso shinge goma sha ɗaya,
kowane shinge da bakinsa a buɗe.

Laraba akwai sukari.
Alhamis akwai layi.
Juma'a kanta ta yi fayau,
ƙuda ma ya leƙo, ya juya.

Ina ya tafi, shi da ba ƙafa?
Ni na gan shi da dare a kwalekwale,
lulluɓe da tabarma kamar mara lafiya,
yana haye Logon zuwa Injamena
inda takardarmu ba ta da murya.
Wanda ya rage ya koma bayan shago,
ana raɗa kuɗinsa a kunne
kamar zancen da ba a so liman ya ji.
Ninki biyu na saya,
ni ɗin nan da na yi tafi.

Sai na rage cokali.
Masu sha suka gane tun kurɓin farko,
harshe bai san baƙi ba, amma ba a yi masa ƙwange.
Na ɗora dala biyar a kan kofi,
Tanimu ya ɗora goma a kan fasinja,
Falmata mai ƙosai da ke hawa babur ɗinsa
ta matse hannu wajen sakin ƙullu,
ƙosai ya dawo ƙwan tantabara.
Ni kuma da shi nake karya kumallo.
Dutsen da na jefa, ashe goshina ya nufa.

Ban ce mai takarda mugu ba ne.
Wataƙila shi ma an yi masa kuka a gida.
Ya ga tukunya tana bori,
ya danne murfi da ƙarfinsa,
bai sunkuya ya janye itace ba.
Ban kuma wanke Alhaji ba:
mai ɓoye buhu yana jiran hawaye su yi tsada,
akwai ranar awo,
da mudun da ba a bubbuga wa gindi.

Da an tambayi mai shayi, ba a tambaya ba,
da na ce a cike ramukan hanyar Waza
masu cin taya kamar tuwo,
a ɗage shinge ko da biyar,
a bar motoci su yi ta shigowa
har Alhaji ya riƙa kiran mai saye da sunan kakansa.
Kaya in sun yi yawa, da kansu suke durƙusawa.

Wata biyu takardar ta yi a bango.
Ruwan farko ya jiƙa ta,
akuyar maƙwabta ta ƙarasa aikin,
har tambarin ta cinye.
Sukari ya dawo kanta da sabon kuɗi,
bai gaida kowa ba.

Yanzu da asuba ina juya cokali a kofi,
ƙarar ta fi zaƙin yawa.
Tanimu ya kurɓa, ya dube ni, na dube shi.
Ya ajiye kuɗinsa cif,
ya tada babur.